Daga Zauren 'Yandoto Zuwa Kabad ɗin Hedimasta: Gudanar da Shirin Karatu a Makarantu



A kan hanyar da ta tashi daga Tsafe ta nufi Gusau akwai wani gari da ake kira 'Yandoton Daji. Motoci na wucewa ta wurin dare da rana, amma kaɗan ne daga cikin matafiya suka san nauyin sunan da suke wucewa. A wannan yanki ne tsohon birnin 'Yandoto ya zauna, a kudu maso yammacin ƙasar Katsina ta dā, kuma shekaru aru-aru ana lissafa shi cikin manyan garuruwan malamai na ƙasar Hausa. Labarin baka na Katsina ya ce daga nan Korau ya fito, ɗan kokawar nan da ya kayar da Sanau ya hau gadon sarauta, wanda ake ɗauka shi ne Sarkin Katsina na farko Musulmi, a ƙarni na 15. Malam Sambo ɗan Ashafa, wanda ya kafa Gusau, a 'Yandoto ya zauna kafin jihadi. Har yanzu sarautar Tsafe tana ɗauke da sunan, ana cewa 'Yandoton Tsafe. Marigayi Dokta Yusufu Bala Usman ya yi bayanin matsayin garin cikin littafinsa na tarihin Katsina da aka buga a Zariya a 1981.

Wajen shekarar 1806 Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu ya sauka kusa da 'Yandoto da rundunarsa, ya aika wa malaman garin su fito a yi muƙabala. Suka ƙi. Aka yi yaƙi, aka ci garin, malamansa suka watse. Bayan 'yan shekaru, cikin wasiƙun da suka gudana tsakanin shugabannin jihadi da Shehu Muhammadu Al-Aminu El-Kanemi na Barno, El-Kanemi ya zargi masu jihadi da wulaƙanta littattafai. Bello ya mayar da jawabi, kuma jawabin yana cikin Infaƙul Maisuri wanda ya kammala a 1812. Ya ce lalle a wani yaƙi ya ga takardu iska tana ɗibarsu, ransa ya ɓaci, shi da kansa ya yi ta tsince su, kuma wannan aikin jahilan cikin runduna ne, shugabanni ba su yi umurni da shi ba. Masu nazarin tarihi da dama sun danganta wannan labari da 'Yandoto.

Ba hukunci tsakanin malaman 'Yandoto da masu jihadi ya tara wannan taro ba. Abin lura a labarin ƙarami ne, har ma ana iya tsallake shi ba a sani ba. Me ya sa iska ta iya kwashe littattafai? Saboda littafin malamin ƙasar Hausa ba a ɗinke shi. Warƙa-warƙa yake, a jere cikin tadarishi, a ɗaure da igiyar fata, a sa cikin gafaka. Marubuci yakan sa kalmar farko ta shafi mai zuwa a gindin shafin da ya gama, don in warƙoƙin sun hautsine a iya mayar da kowace mazauninta. Wannan rashin ɗinki yana da hatsari, ga shi kuwa an gani. Amma yana da wata fa'ida wadda ta fi hatsarin. Takarda tana da tsada, daga Turai take zuwa ta Tarabulus a bayan raƙuma, littafi ɗaya kuwa kan ci watanni ana kwafarsa. To, da yake ba a ɗinke ba, ɗalibai da yawa na iya karatun littafi guda a lokaci guda: wannan ya ɗauki babin alwala, wancan ya ɗauki babin azumi, wani ya tafi da warƙa biyu gida ya kwafa ya dawo da su gobe. Mai littafi ya san wata rana wata warƙa za ta ɓace ko ruwa ya taɓa ta. Ya yarda da wannan hasara, don ya san amfanin littafi yana hannun mai karanta shi.

Malaman zaure ba su da Ma'aikatar Ilmi, ba su da kasafin kuɗi, amma suna da tsari, kuma tsarin ya rayu ɗaruruwan shekaru. Karatu yana da mai shi, watau malami guda sananne wanda sunansa ke tashi ko faɗuwa da ɗalibansa. Yana da lokacin da ba a taɓawa: bayan asuba, da hantsi, bayan la'asar, da dare a bakin wuta, sai hutun Alhamis da Jumma'a. Yana da tsani wanda kowa ya san matakansa. A makarantar allo yaro ya fara da babbaƙu, ya shiga farfaru, ya kai ga haɗa baƙi, har ya sauke. A makarantar ilmi ya tashi daga Ƙawa'idi zuwa Ahalari, da Ishmawi, da Iziyya, da Risala, mai nisan kwana ya kai Muhtasar. Abin da ya fi duka muhimmanci shi ne kowane ɗalibi, kowace rana, sai ya zo gaban malam ya biya karatunsa da bakinsa, malam ya saurara, ya gyara, sa'an nan ya ƙara masa. Ba a wanke allo sai an biya. Ba yadda za a yi yaro ya shekara uku a zaure bai iya haɗa baƙi ba alhali malaminsa bai sani ba. A makarantar boko ta yau wannan yana faruwa, kuma ba sau ɗaya ba.

Turawan da suka kafa boko sun gane tun da wuri cewa koya wa yaro haruffa ba tare da ba shi abin karantawa ba aikin banza ne. Wannan ne ya sa Dokta Rupert East na Hukumar Talifi da ke Zariya ya shirya gasar rubuta labarai a 1933, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. Magana Jari Ce ta biyo baya, Gaskiya Ta Fi Kwabo kuma ta fara fitowa a watan Janairu na 1939. Da aka shiga Yaƙi da Jahilci cikin shekarun 1950, hukumar NORLA, wadda aka kafa a 1954, ta riƙa buga ƙananan littattafai masu araha da jaridun larduna: Zaruma ta lardin Sakkwato, wanda Gusau da Tsafe da Bunguɗu ke cikinsa a lokacin, da Himma ta Katsina, da Sodangi ta Kano. Dattawa da yawa na wannan yanki ta waɗannan takardu suka saba da karatun boko. NORLA ba ta wuce 1959 ba. A watan Satumba na 1976 aka buɗe shirin ilmin firamare kyauta ga kowa, yara suka cika ajujuwa fiye da yadda aka yi tsammani, aka yi ta gina ɗakuna da horar da malamai cikin gaggawa. Littafin labari na aji shi ne abin da aka bari a baya, kuma tun daga nan bai samo gurbinsa ba.

Daga baya an yi ta yunƙuri. Babban Laburare na Ƙasa ya fara gangamin ƙarfafa karatu a 1981. A 1999 aka ƙaddamar da shirin ilmin bai-ɗaya a Sakkwato, dokarsa ta 2004 ta keɓe masa kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya. A watan Disamba na 2010 Shugaban Ƙasa Goodluck Jonathan ya ƙaddamar da nasa gangamin na dawo da littafi a Legas. Saboda haka ba za a ce ba a taɓa sayen littattafai ba. An saya, an loda a motoci, an kai ofisoshin ilmi na ƙananan hukumomi, an ɗauki hoto. Tambayar da ta shafi ma'aikacin gwamnati ita ce: daga ofis ina suka tafi?

Amsar tana cikin kabad ɗin hedimasta. Duk wanda ya taɓa aikin duba makarantu ya san wannan kabad. Tana kusurwar ofis, da kwaɗo, mabuɗin yana aljihun mutum ɗaya. In an buɗe, sai a ga littattafai a jere, wasu ko ledar da aka naɗo su ba a yage ba, gara ta fara cin na ƙasa. Mai gaggawar hukunci zai ce hedimasta mugu ne ko malalaci. Sau da yawa ba haka ba ne. Hedimasta mutum ne mai hankali wanda ya karanta ƙa'idar aikinsa da kyau. Ranar da aka kawo littattafan an sa shi ya sa hannu, an shigar da su cikin littafin sito tare da kujeru da tebura, a matsayin kayan gwamnati. Ya san in masu bincike suka zo ƙirga za su yi. In an kawo ɗari aka iske ɗari, ya fita. In aka iske tamanin da biyar, sai ya yi bayani a rubuce, wataƙila ma a ce ya biya. Ba mai tambayarsa yara nawa suka karanta. Watau ƙa'ida tana saka wa wanda ya kulle littafi, tana hukunta wanda ya bayar da shi. Mutumin da ke jiran fansho, wace hanya zai bi?

Gyaran wannan ba ya bukatar ko kwabo, takarda ɗaya ce daga Hukumar Ilmin Bai-ɗaya ta Jiha zuwa ga sakatarorin ilmi na Gusau da Tsafe da Bunguɗu da sauran ƙananan hukumomi. Takardar ta ce littafin labari na aji ba ɗan'uwan kujera ba ne, ɗan'uwan alli ne, abu ne mai ƙarewa da amfani. Ba wanda ya taɓa tuhumar malami don alli ya ƙare. A yanka wa littafin shekarun da ake sa ran zai yi, a yarda cewa wani kaso zai yage ko ya ɓace kowace shekara, a sa kuɗin mayar da gurbinsa cikin kasafi. Sa'an nan a juya tambayar mai bincike. Maimakon ƙirga na cikin kabad, ya nemi rajistar aro, ya ga sunaye nawa ke ciki da kwanan wata. Littafin da ya shekara biyu a makaranta yana ƙyalli kamar jiya aka buga shi, shi ne ya kamata a nemi bayaninsa a rubuce. Wanda bangonsa ya yi laushi, gefensa ya yi baƙi da yatsun yara, ya biya kuɗin da aka saye shi.

Akwai masu cewa in aka saki littattafai za a same su a kasuwa, ko a hannun mai ƙosai tana naɗe kaya da su. Wannan tsoro yana da tushe, an sha ganin littattafan da aka buga musu hatimin ba na sayarwa ba a kan tebur a kasuwa. Sai dai irin waɗannan galibi ba daga jakar yaro suke fita ba. Da katan ɗinsu suke fita, tun kafin su isa makaranta. Maganin wannan shi ne a sanar da kwamitin kula da makaranta da hakimi ko dagaci adadin da aka aiko, a karɓi kayan a gabansu, a buga hatimin makarantar a cikin kowane littafi. Hana yaro taɓa littafi don babba ya yi sata, hukunta wanda bai ci ba ne.

Amma fa ko an buɗe kabad, akwai wata matsala a gabanta. Ba a ƙarfafa wa yaro son abin da bai iya ba. Gwaje-gwajen karatu da aka yi wa yaran ƙananan ajujuwa a jihohin Sakkwato da Bauci a farkon shekarun 2010 sun nuna cewa mafi yawansu ba su iya karanta ko kalma ɗaya ta Hausa ba, harshen da suka tashi da shi. Wannan sakamako ya girgiza hukumomi, kuma shi ya share fage ga shirin Mu Karanta, wanda hukumar agajin Amurka ta tallafa wa a waɗannan jihohi biyu. A Zamfara da Katsina kuwa an fara shirin RANA a 2015, ƙarƙashin UNICEF da kuɗin gwamnatin Ingila. Tsarinsa ba baƙo ba ne ga wanda ya san zaure: a koyar da sautin harafi, a haɗa shi da wasali, a haɗa gaɓa da gaɓa, kowane yaro da littafinsa a hannu, malami da jagoransa na darasi, ga kuma mai zagayawa yana zama a aji yana kallon yadda ake koyarwa. Babbaƙu da farfaru ke nan da rigar zamani. An kuma shigar da wasu makarantun allo da na Islamiyya cikin shirin, wanda shi ne daidai, don yaron da ya iya haɗa baƙin Larabci ya riga ya san babban sirrin karatu, watau cewa alama a kan takarda tana ɗauke da sauti. Malamin firamare da ya ɗauki irin wannan yaro a matsayin wanda bai san komai ba ya zubar da rabin aikin da wani ya riga ya yi masa.

Hujjar fara karatu da harshen gida tsohuwa ce. A 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa na Jami'ar Ife suka fara gwajin koyar da yara da Yarabanci shekara shida cur, Turanci yana matsayin darasi, kuma yaran ba su kasa takwarorinsu ba ko a Turancin. Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 ta amince da harshen gida a ajujuwan farko. A 2022 aka faɗaɗa wannan zuwa dukan shekarun firamare, a ƙarshen 2025 kuma Ministan Ilmi na Tarayya ya ba da sanarwar janye shi. Manufa tana iya juyawa da juyawar minista. Yaron Kwatarkwashi ɗan shekara shida kuwa da Hausa yake mafarki, kuma harafin farko da zai gane shi ne wanda ya faɗi kalmar da ya sani.

Aibin shirye-shiryen masu ba da agaji ba a cikin darussansu yake ba, a cikin wa'adinsu yake. Shiri ne na shekara uku ko biyar. Yayin da yake tafiya akwai mota, akwai kuɗin zama a taron horo, akwai mai zagayawa. Ranar da wa'adi ya cika sai mota ta tsaya, malamin da aka horar a yi masa canjin wurin aiki, littattafan yara su yage ba a sake bugawa ba. A 2025 gwamnatin Amurka ta rushe hukumar agajinta ɗungurungum, ayyuka da yawa a ƙasashe da yawa suka tsaya cak. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Babban Sakataren da aka kawo wa irin wannan shiri ya kamata tambayarsa ta farko ta zama: a shekara ta shida, wane layi na kasafin jiha zai biya kuɗin sake buga littattafan, kuma wane jami'i ne, da sunansa da muƙaminsa, zai gaji aikin? In ba amsa, to an karɓi baƙo ne, ba a kafa shiri ba.

Sai batun lokaci. A 1980 wasu masana biyu, Warwick Elley da Francis Mangubhai, suka yi wani gwaji a makarantun karkara na tsibiran Fiji. Suka zuba littattafan labari masu daɗi kimanin 250 a kowane aji, suka keɓe minti ashirin zuwa talatin kullum. A wasu ajujuwa malami yana karantawa tare da yara, a wasu kowa yana karatunsa shiru. Cikin wata takwas yaran suka ci gaba a fahimtar karatu kusan ninki biyu na yadda aka saba gani. Littattafan na Turanci ne, kuma yaran sun riga sun iya haɗa haruffa, saboda haka kada a ɗauki gwajin a kan abin da bai nuna ba. Abin da ya nuna shi ne littafi da lokaci tare suke aiki. A makarantun wannan yanki, inda ma aka rubuta lokacin laburare a jadawali, shi ne marainan darussa. In za a yi shara, shi ake ɗauka. In malamin lissafi bai gama manhaja ba, shi yake ci. In an bar shi, sai malami ya ce kowa ya yi shiru, shi kuma ya fita ƙarƙashin bishiya ko ya duƙufa kan wayarsa. Yara suna kallo, kuma abin da suka koya a wannan rabin sa'a shi ne karatu aikin ƙananan mutane ne. Hedimastan da ke son shirinsa ya rayu sai ya sa lokacin da safe, kullum, ya kare shi yadda ake kare lokacin salla, kuma a gan shi shi ma da littafi a hannu.

Me za a karanta? Nan ne hukumomi suka fi yin tuntuɓe, don sun fi son yaro ya karanta abin da zai gyara shi fiye da abin da zai ja shi. Tun daga tsakiyar shekarun 1980 littattafan da ake kira na soyayya, ko adabin kasuwar Kano, suka cika ƙasar Hausa: na Balaraba Ramat Yakubu, da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, da na Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, da ɗaruruwa bayansu. Kafin su duka akwai So Aljannar Duniya na Hajiya Hafsatu Abdulwaheed, wanda kamfanin NNPC na Zariya ya buga a 1980, marubuciyar da ta daɗe zaune a Gusau har ta nemi kujerar gwamnan Zamfara a 2003. Ba wata hukuma da ta sa 'yan mata da matan aure na cikin kulle karatu kamar yadda waɗannan littattafai suka sa su. Kuma a yi la'akari da mai shagon hayar littafi na unguwa. Ba shi da digiri a ilmin laburare. Yana da littafin rubutu ɗaya da biro. Ya san wa ya ɗauki me, ya san wanda ake rububi ya sayi kwafi uku, ya san wanda ba a taɓawa ya daina saye, in bango ya yage ya ɗinke da zare. Littafin da ya kwana a shagonsa hasara ce gare shi, na hedimasta kuwa kwanansa a kabad shi ne kwanciyar hankali. Malamin da aka ɗora wa laburaren makaranta zai ƙaru da yini ɗaya a irin wannan shago fiye da mako guda a taron bita.

Ba a ce duk abin da aka buga ya dace da aji ba. Cikin waɗannan littattafai akwai masu kyau, akwai na banza, akwai waɗanda ƙa'idar rubutunsu kaɗai ta isa ta ɓata wa yaro hannu. Aikin malaman Hausa ne su karanta su tace. A 2007 hukumar A Daidaita Sahu ta Jihar Kano ta shirya ƙona irin waɗannan littattafai a wata makarantar 'yan mata. Ko da niyyar ta gyaran tarbiyya ce, yarinyar da ta tsaya tana kallon wutar ta ga manya suna ƙona abu ɗaya tak da take karantawa ba don jarrabawa ba. Muhammadu Bello, a tsakiyar yaƙi, tsince takardu ya yi.

Gasar karatu da bikin ba da kyauta suna da daɗin shiryawa, don ana gayyatar manyan baƙi, gidan rediyo ya zo. Amfaninsu kaɗan ne. Yara uku da suka riga suka iya su ne ke cin kyauta kowace shekara, sauran saba'in suna tafi. Walimar sauka ta fi hikima, don ba gasa ba ce: duk wanda ya kai ƙarshe ana yi masa tasa, ko ya riga sa'o'insa ko sun riga shi. Makaranta na iya yin irin wannan ba da wani kuɗi ba. Yaron da ya gama littafinsa na farko shi kaɗai, a tsayar da shi a taron safe ya faɗi sunan littafin da abin da ke ciki, a aika wa iyayensa. Sufeto kuma in ya zo, kada ya bari a zaɓo masa yaro. Ya buɗe rajista, ya ɗora yatsa a kan suna biyar yadda ya ga dama, ya zauna da kowannensu minti biyu da wani shafi da bai taɓa gani ba, ya saurara, ya rubuta abin da ya ji. In ya dawo bayan wata uku ya sake. Wannan ya fi kowane rahoto mai shafi arba'in faɗin gaskiyar makaranta.

Duk wannan yana ɗauka cewa makaranta a buɗe take, a wannan yanki kuwa ba kullum ba. Ran 26 ga Fabrairu 2021 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai mata 279 daga makarantar sakandaren gwamnati ta Jangebe, aka rufe makarantun kwana. Ran 1 ga Satumba na shekarar aka sake ɗibar ɗalibai 73 a Kaya ta ƙaramar hukumar Maradun, gwamnati ta rufe makarantun jihar. Ƙauyuka da yawa na Tsafe da Bunguɗu sun tashi, iyalai suka koma Gusau da garuruwan bakin hanya. Yaron da ya fara haɗa gaɓa a aji biyu, in ya yi wata shida bai ga rubutu ba, sai a koma da shi farko. Masu cewa wayar hannu za ta cike gurbi su tuna cewa a cikin watan Satumban nan na 2021 aka katse layukan waya na jihar baki ɗaya, aka ɗauki makonni. Littafin da ke kabad ranar da aka rufe makaranta an rufe shi tare da ita, wanda ke jakar yaro kuwa ya bi shi duk inda iyayensa suka gudu.

Saboda haka shirin karatu a nan dole a gina shi yadda zai iya tafiya ba tare da ginin makaranta ba, kuma akwai abin koyi a cikin gida. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta fuskanci matan karkara waɗanda ba za su iya zuwa makaranta ba. Sai ta zaɓi dattijai mata amintattu, ta naɗa kowace Jaji, ta ba ta malfa da jan rawani alamar izini, ta koya mata waƙoƙin ilmi da Hausa da Fulatanci, Jaji kuma ta koma garinsu ta koyar da 'Yan Taru. Ilmin yana tafiya da ƙafar mutum sananne wanda gari ya yarda da shi. Kwatankwacin wannan a yau ƙaramin akwatin ƙarfe ne mai littattafai talatin ko arba'in da littafin rajista, a hannun wata malama, ko uwargidan liman, ko ɗalibar Kwalejin Ilmi ta Maru da ta zo hutu, a unguwar da 'yan gudun hijira suka sauka. Sakataren ilmi ya san sunanta, ita ma ta san nasa. Duk ƙarshen zango a karɓi akwatin, a ƙirga, a cike gurbin abin da ya ɓace ba tare da tuhuma ba, a musanya shi da na wata unguwa don yara su sami sababbin labarai. Wanda zai ɗauki akwatunan daga Gusau zuwa Tsafe ya dawo da na Tsafe, a rubuta kuɗin mansa cikin kasafin ofishin ilmi tun farkon shekara.